Kwinin, Kogin Binuwai da Awon Haske: Tarihin Wata Hanyar Gane Yawan Sinadari

Gabatarwa

Tsakanin shekarar 1845 da 1854 an yi wasu abubuwa huɗu a wurare masu nisa da juna. A 1845 masanin taurari John Herschel ya ba da rahoton wani shuɗin haske da ya gani a ruwan da aka narkar da kwinin a ciki. A ranar 18 ga Yuni 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ƙetare kogin Binuwai a mahaɗarsa da kogin Faro, yamma da Garwa. A 1852 George Stokes na Jami'ar Kambirij ya gano asalin hasken da Herschel ya gani. A 1854 kuma jirgin ruwa mai suna Pleiad ya hau Binuwai ya sauko ba tare da zazzaɓi ya kashe ko mutum ɗaya ba, domin mutanensa suna shan kwinin kullum.

Wannan rubutu zai bi sawun kwinin ta hanyoyin nan biyu, ta kogi da ta ɗakin gwaji, domin a ga yadda aka kai ga wata ƙa'ida da masu awon sinadarai ke dogara da ita a yau: ƙarfin hasken da sinadari ke fitarwa yana nuna yawansa, amma zuwa wata iyaka. Sanin ƙa'idar da iyakarta ya shafi ingancin maganin zazzaɓi da lafiyar gyaɗar da ake ci a arewacin Kamaru da ƙasar Hausa.

Kalmomin Aiki

Hausa tana da kalmomi da dama na haske. Ƙyalli da sheƙi su ne abin da madubi ko sabuwar tasa ke yi, wato mayar da hasken da ya faɗo musu kamar yadda ya zo. Wuta da fitilar ƙwai kuwa zafi ne ke haifar da haskensu. Abin da ake magana a kansa a nan ya bambanta da duka biyun. Wani sinadari ne ke haɗiye haske mai wani launi, nan take ya fitar da nasa mai wani launi dabam, kuma da zarar an ɗauke fitilar sai ya ɗauke. Turawa suna kiransa fuloresans. A nan za a kira shi hasken martani, tun da sai an haska abu yake mayarwa. Duk wanda ya ga ma'aikacin banki ya sa takardar naira ko ta sefa a ƙarƙashin fitilar gwada kuɗi, wasu zare da alamomi suka bayyana, ya ga hasken martani.

Kalma ta biyu ita ce kauri. Kamar yadda ake cewa kunu ya yi kauri ko ya tsinke, haka za a yi amfani da kalmar wajen nuna yawan sinadari a cikin ƙayyadadden ruwa, misali miligiram kaza a lita ɗaya.

Ta uku ita ce zango. Masu sauraron rediyo, har da waɗanda suka taɓa kama shirin Hausa na Rediyon Garwa, sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma igiya ce mai zango, sai dai nasa ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan dubu na mita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700, daga shunayya zuwa ja. Abin da ya gaza 400 ido ba ya ganinsa, kuma shi za a kira hasken ɓoye. Gwargwadon gajartar zango, gwargwadon ƙarfin da ƙwayar haske ke ɗauke da shi.

Kwinin da Kogi

Kwinin daga ɓawon itacen sinkona yake, wanda asalinsa duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka. Ɓawon ya shiga Turai a ƙarni na 17 a matsayin maganin zazzaɓi, amma ƙarfinsa ya bambanta daga itace zuwa itace, likita ba ya sanin nawa ya bayar. A 1820 wasu Faransawa biyu masu haɗa magunguna, Pelletier da Caventou, suka ware kwinin zalla daga ɓawon. Daga nan aka iya auna shi a sikeli.

Duk da haka an daɗe ana ba da shi bayan ciwo ya kama mutum. A 1841 Burtaniya ta aika jirage uku su hau kogin Kwara. Daga cikin Turawa kimanin 150 da suka tafi, fiye da 40 suka mutu, yawancinsu da zazzaɓi. Ɗaliban Hausa suna da dalilin tuna wannan tafiya, domin a cikinta akwai James Frederick Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Akwai kuma Samuel Ajayi Crowther.

Shekara goma bayan haka Barth, wanda ya ji Hausa kuma yake tafiya da sunan Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ta Barno ya nufi Fombina, masarautar da Modibbo Adama ya kafa da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Garwa tana cikin lamiɗancin wannan masarauta, kuma fataken Hausa sun daɗe da sanin hanyarta, suna kai tufafi suna ɗauko hauren giwa. Barth ya isa Yola, amma Lamiɗo Lawal bai bar shi ya wuce 'yan kwanaki ba. Abin da ya rage masa daga tafiyar shi ne labarin babban kogin da ya ƙetare, wanda ya tabbata shi ne ke gangarawa ya haɗu da Kwara. Wannan rahoto ne ya sa aka shirya tafiyar Pleiad.

Shugaban da aka naɗa wa tafiyar, John Beecroft, ya rasu kafin a shiga kogi, sai jagoranci ya faɗa hannun likitan jirgin, William Balfour Baikie. Ya bi shawarar likitan sojan ruwa Alexander Bryson, cewa a riƙa shan kwinin tun kafin ciwo ya zo, a ci gaba har bayan an fita daga kogi. Sun yi kusan wata huɗu, sun hau Binuwai da nisan da wani jirgi bai taɓa kaiwa ba, ko da yake ba su isa Yola ba, kuma duk sun dawo da rai. A lokacin ba wanda ya san musabbabin cutar: sai a 1880 Laveran ya ga ƙwayarta a jini, a 1897 kuma Ross ya nuna hannun sauro. Abin da Baikie ya riƙe shi ne adadi da lokaci. Daga baya ya zauna a Lokoja, ya ziyarci Kano a 1862, ya yi fassara zuwa Hausa, ya rasu a Saliyo a 1864.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 1879 jirgin Henry Venn, ɗauke da Eduard Flegel, ya kai yankin Garwa. A 1882 Flegel ya isa Ngaundare bisa jagorancin Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki, Bahaushen da daga baya ya je har Balin. A 1893 Ingila da Jamus suka raba Adamawa a kan takarda, Yola ta faɗa wa Ingila, Garwa ta faɗa wa Jamus. A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Garwa. A watan Yunin 1915 sansanin Jamus na Garwa ya miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa. Bindiga ce ta ci ƙasar, amma kwinin ne ya raya masu riƙe da bindigar har suka iso.

Shuɗin da Herschel Ya Gani

Ruwan kwinin mai ɗan tsami garau yake, ba shi da launi. Herschel ya lura cewa idan hasken rana ya bugi kwalbar aka dube ta ta gefe, wani shuɗi mai kyau yana bayyana a ɗan siririn wuri, daidai fuskar da haske ya shiga. Ya kuma lura cewa hasken da ya riga ya ratsa kwalba ɗaya ba ya iya tayar da shuɗin a kwalba ta biyu. Ya ɗauka wani abu ne da fuskar ruwan ke yi wa haske.

Stokes ya sake gwajin ta wata hanya. Ya shigo da hasken rana ɗaki mai duhu, ya ratsa shi ta gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu kamar bakan gizo. Sai ya ɗauki kwalbar kwinin yana bi da ita ta cikin launukan. A ja da rawaya da kore ba abin da ya faru. Da ya wuce shunayya ya shiga inda ido ba ya ganin komai, sai kwalbar ta haskaka da shuɗi. Ashe kwinin yana haɗiye hasken ɓoye ne, ya fitar da wanda ake gani. A awon yau, yana haɗiye na wajen nanomita 350, ya fitar da na wajen 450.

Daga nan Stokes ya fitar da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa: zangon hasken da ke fita ya fi na wanda ya shiga tsawo. Dalili kuwa, ƙwayar sinadari idan ta haɗiye haske takan riƙe ƙarfin na ɗan lokaci, wanda ga kwinin bai wuce kashi 20 cikin miliyan dubu na sakan ba, ta zubar da wani ɓangare a matsayin zafi, sannan ta saki sauran. Wannan bambancin launi shi ne jarin mai awo, domin yana iya sa gilashin tacewa ya tare hasken fitilarsa, ya bar na sinadarin kaɗai ya wuce. A 1864 Stokes ya yi wa masana sinadarai lacca a kan amfani da irin waɗannan halaye wajen gane abubuwa. A 1867 Friedrich Goppelsröder ya nuna cewa wani rini da ake samu daga itace, mai suna morin, yana ba da koren haske idan ya haɗu da alminiyam, aka sami hanyar gano ƙarfen ko da ɗan kaɗan ne.

Dangantakar Haske da Kauri

A shekarar da Stokes ya buga aikinsa, wato 1852, August Beer na Bon ya bayyana yadda yawan hasken da ruwa ke haɗiyewa ya danganta da kaurin abin da aka narkar a ciki, ƙari a kan abin da Bouguer da Lambert suka gano a ƙarni na 18 game da tsawon hanyar da haske ke bi. Idan aka haɗa binciken biyu, hujjar takan tafi daki-daki. Ƙwayar sinadari ba ta fitar da haske sai ta haɗiye. Daga cikin abin da aka haɗiye, wani kaso tsayayye ne ke dawowa. Ga kwinin a cikin tsinkakken asid na salfa, irin na batirin mota, kimanin 55 cikin 100 ne. Saboda haka hasken martani yana bin yawan hasken da aka haɗiye. Idan ruwan ya tsinke ƙwarai, kowace ƙwaya tana samun hasken fitila daidai da 'yar'uwarta, ninka yawansu yana ninka abin da suka haɗiye. Ana rubuta wannan a taƙaice:

H = m × K

H shi ne ƙarfin hasken martani, K kauri, m kuma lamba ce da ta tattara ƙarfin fitila, da iya haɗiyar sinadarin, da faɗin kwalba, da kason da ke dawowa, da ingancin na'ura. Tun da m ta dogara da na'ura, lambar da aka karanta ba ta da ma'ana ita kaɗai. Dole a gwada ta da ruwan da aka san kaurinsa.

Misali, a haɗa ruwan kwinin mai miligiram 0.1, da 0.2, da 0.4 a lita. A fara auna ruwan da ba kwinin a cikinsa, a riƙa cire abin da ya bayar daga kowane karatu. A ce an sami 10, da 20, da 40. Idan aka zana su a takarda, kauri a kwance, haske a tsaye, za su hau miƙaƙƙen layi, wanda ake kira layin ma'auni. Ruwan da ba a san kaurinsa ba, idan ya ba da 30, to yana ɗauke da miligiram 0.3 a lita.

Me ya sa wannan hanya ta fi awon haɗiya gano ɗan ƙaramin abu? Mai awon haɗiya yana gwada hasken da ya shiga da wanda ya fita ne, duka biyun masu yawa, yana neman ɗan gibin da ke tsakaninsu. Tamkar a ɗebi ƙwaya goma daga buhun gero ne, a ce a gane ta hanyar ɗora buhun a sikeli. Mai awon hasken martani kuwa yana ajiye idon na'urarsa a gefen kwalba, a kusurwar digiri 90 daga hanyar fitila, inda duhu yake. Duk abin da ya gani daga sinadarin ya fito, kamar yadda ake hango wutar makiyayi daga nesa da dare. Shi ya sa ake iya auna abin da bai wuce 'yan maikirogiram a lita ba.

Inda Layi Ke Karkacewa

Miƙewar layin tana da sharaɗi, kuma yawancin kurakuran awo daga manta sharaɗin suke. Ruwa ba ya iya haɗiye fiye da hasken da aka ba shi. Idan yana haɗiye kashi 2 cikin 100, aka ninka kaurinsa, zai haɗiye kusan kashi 4. Amma idan yana haɗiye kashi 90, aka ninka, kashi 99 kawai zai kai. Misalinsa rumfar zana: idan zana ɗaya ta tare tara cikin goma na hasken rana, ta biyu ba ta da abin tarewa sai tara cikin goma na ɗan abin da ya rage. Don haka layin yakan fara kwantawa.

Abin bai tsaya nan ba. Idon na'ura tsakiyar kwalba yake kallo. Idan ruwan ya yi kauri sosai, ƙwayoyin da ke bakin kwalba sukan shanye hasken fitila kafin ya kai tsakiya, karatu ya fara sauka alhali kauri yana ƙaruwa. Wannan shi ne sirrin abin da Herschel ya gani: ruwansa ya yi kauri har hasken ɓoye ya ƙare a fuskar farko, bai bar komai ga cikin kwalbar ba, balle ga kwalba ta biyu. Haɗarin a fili yake, domin karatu ɗaya yana iya zama na ruwa mai ɗan abu kaɗan ko na mai abu da yawa. Maganinsa a tsinka ruwan da rabi a sake aunawa. Idan karatu ya ragu da rabi, ana kan miƙaƙƙen layi. Idan ya ƙi raguwa ko ya ƙaru, an wuce iyaka. Masu aiki sukan tsaya inda ruwa bai haɗiye fiye da kimanin kashi ɗaya cikin goma na hasken fitila ba.

Abu na biyu shi ne dusashewa. Wasu sinadarai idan suka yi karo da ƙwayar da ke riƙe da ƙarfi sukan karɓe shi, ya tafi a zafi. Stokes da kansa ya lura cewa gishiri yana kashe shuɗin kwinin. Kuloraid ɗin da ke cikin gishiri ne ke yin haka, kuma a 1919 Otto Stern da Max Volmer suka fitar da lissafin wannan dusashewa. Tun da jini da fitsari suna da gishiri da wasu abubuwa, sai an ciro maganin daga cikinsu kafin a auna. Tsamin ruwa ma yana sauya launi da ƙarfin hasken. Haka zafi: yana ƙara yawan karo, haske ya ragu. A gari kamar Garwa, inda zafin watan Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, layin ma'aunin da aka zana da sanyin safiya ba lalle ya dace da awon azahar ba, sai an auna ruwan ma'auni da na gwaji tare.

Yaƙin Duniya na Biyu

Yaƙi ne ya mayar da wannan ilimi kayan aikin yau da kullum. Tun ƙarshen ƙarni na 19 gonakin sinkona na Holan a tsibirin Jawa suka mamaye kasuwa, har suna samar da kusan kashi 90 cikin 100 na kwinin duniya. A 1942 Japan ta kama tsibirin. Sojojin Amurka da ƙawayenta suka koma ga atabirin, maganin da Jamusawa suka haɗa a farkon shekarun 1930, amma yadda ake ba da shi bai hana zazzaɓi kwantar da sojoji ba, har aka fara shakkar maganin.

A asibitin Goldwater na Niyok, ƙarƙashin James Shannon, Bernard Brodie da Sidney Udenfriend suka fito da hanyar ciro atabirin da kwinin daga ruwan jini su auna su da hasken martani, suka buga ta a 1943. Awon ya nuna cewa hanta da sauran sassan jiki suna shanye atabirin da farko, ɗan kaɗan ke saura a jini. Sai aka sauya tsari: a fara da adadi mai yawa don a cika jiki, sannan a ci gaba da kaɗan kullum. Maganin da aka kusa yarwa ya yi aiki. Na'urorin lokacin gilashin tacewa suke amfani da shi, zangonsu ƙayyadadde ne. A 1955 Robert Bowman ya ƙera na'urar da ake iya zaɓar kowane zango na shiga da na fita, kamfanin Aminco ya fara sayar da ita a 1956. Har yau ruwan kwinin yana cikin abin da ake gwada irin waɗannan na'urori da shi.

Gyaɗa da Gubar Fumfuna

A ƙarni na 20 Garwa ta zama tashar jirgin ruwa, inda ake lodin gyaɗa da auduga a 'yan watannin da Binuwai ke cika, a gangara da su ta Nijeriya zuwa teku. A Kano kuwa, zuwan jirgin ƙasa ya haifar da cinikin da ya gina dalar gyaɗa. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu har zuwa tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. An gano cewa wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ce ke samar da gubar, aka sa mata suna afulatoksin. Ba a jima ba aka same ta a gyaɗar Afirka, masu bincike a Samaru ta Zariya suka shiga nazarin yadda girbi da shanya ke shafar yawanta.

Hasken martani ne ya raba gubar gida-gida. A ƙarƙashin hasken ɓoye, nau'i biyu suna ba da shuɗi, biyu suna ba da kore, aka kira su B1, B2, G1 da G2, daga haruffan farko na sunayen launukan a Ingilishi. A farko da ido ake awo: a ɗiga ruwan da aka tatsa daga gyaɗa a kan faranti, a gwada haskensa da na ɗigon da aka san yawansa, ko a yi ta tsinka shi har hasken ya ɓace, a lissafa daga yawan tsinkawar. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ƙima ta isa a raba buhu mai guba da yawa da mai kaɗan, sai dai idon wani ba na wani ba ne, kuma dokokin ciniki lamba suke nema. Amurka ta sa iyakar maikirogiram 20 a kilo. Tarayyar Turai ta sa 4 ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, wanda B1 ba zai wuce 2 ba a ciki. Maikirogiram 4 a kilo daidai yake da giram 4 a tan 1,000, wato nauyin ƙwarar sukari guda a buhu 10,000 masu kilo 100.

A yau ana tace ruwan gyaɗa ko na masara ta wani ɗan bututu da ke kama gubar kaɗai, sannan a auna haskenta. Nan ma dusashewa tana nan: hasken B1 da G1 yakan yi rauni a cikin ruwa, sai an ƙara musu buromin ko aidin ya farfaɗo. Akwai kuma matsalar ɗiba, domin gubar takan taru a 'yan ƙwayoyi kaɗan a cikin buhu, kuma na'ura ba ta sanin abin da ba a kawo mata ba.

Batun ya wuce ciniki. Afulatoksin tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Gyaɗar da aka ƙi karɓa a tashar jirgi ba zubar da ita ake yi ba, sau da yawa kasuwar gida take komawa, ta zama mai da ƙuliƙuli da kunu.

Ƙwayar Magani a Kasuwa

Zazzaɓin cizon sauro a arewacin Kamaru yana bin damina, shi ya sa tun 2016 ake raba wa ƙananan yara maganin rigakafi na wata-wata a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa. Ko da yake allurar atesunat ta sha gaban kwinin wajen zazzaɓi mai tsanani, kwinin bai bar asibitoci da kasuwanni ba. A 2004 Leonardo Basco ya buga sakamakon gwajin magungunan zazzaɓi da mutane ke saya da kansu a garuruwa da ƙauyukan Kamaru. Daga cikin samfur 70 na kwinin, 52 ba su cika ba: wasu ba maganin a ciki, wasu bai kai ba, wasu wani abu ne dabam. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun ƙwayoyin kwinin da aka samu a Kamaru da Kwango.

Ga yadda ƙa'idar ke aiki a nan. Ƙwayar da aka rubuta mata miligiram 300, idan aka narkar da ita a lita ɗaya, kaurin ya wuce miƙaƙƙen layi nesa. Sai a tsinka sau 1,000, ya dawo miligiram 0.3 a lita. A kan layin misalin da ya gabata, ƙwaya ta gari za ta ba da 30, mai rabin magani ta ba da 15, ta alli ba za ta ba da komai ba. Mai rabin magani ita ce ta fi wuyar ganewa, domin tana da ɗaci a baki kuma tana shuɗi a ƙarƙashin fitila. Lamba ce kaɗai ke tona ta. Akwai kuma abin kiyayewa: kwinidin, ɗan'uwan kwinin daga itace ɗaya, haskensu iri ɗaya ne. Saboda haka sai an fara rarrabe abubuwan da ke cikin ƙwaya kafin a dogara da ƙarfin haske.

Kammalawa

Daga sikelin Pelletier da Caventou zuwa na'urar Bowman, tambayar ba ta sauya ba: nawa ne a ciki? Hasken martani yana amsa ta idan an cika sharuɗɗa huɗu. Ruwan ya tsinke har ya zauna a kan miƙaƙƙen layi. A gwada shi da ruwan ma'auni a na'ura ɗaya, a zafi ɗaya, a tsami ɗaya. A kawar da masu dusashe haske. A kuma tabbatar cewa abin da ke haskawa shi ne abin da ake nema.

A ƙarni na 19 wannan ilimi yana hannun waɗanda suka hau kogi daga teku. A yau akwai reshen Cibiyar Pasteur a Garwa, da makarantar kimiyyar sarrafa abinci a Jami'ar Ngaundare, da Jami'ar Marwa tun 2008, da Jami'ar Garwa tun 2022. Ɗaliban waɗannan makarantu da Faransanci suke karatu, amma manomin gyaɗa da mai sayar da ƙuliƙuli da uwar da ke neman maganin ɗanta da Fillanci da Hausa suke magana. Wanda zai gaya musu dalilin da ya sa aka ƙi buhu, ko aka kwashe magani daga shago, yana bukatar kalmomin da za su ɗauki bayanin ba tare da ya karkace ba, kuma samar da su aikin masu nazarin harshe ne.